Cinikin Tsohuwar Kwamfuta Tsakanin Birtaniya da Turai Bayan Brexit: Jagora ga Mai Saye da Ƙaramin Mai Sayarwa

A ɗakin baya na gidana a Birmingham akwai wani teburi da uwargida ke kira juji. A kansa akwai tsofaffin kwamfutoci: Commodore 64 guda biyu, da ZX Spectrum mai maɓallan roba, da wata Amiga 500 da tsufa ya mai da farinta ruwan ɗorawa. Da rana ina aikin albashi, da dare ina like da dalma. Nakan sayi matacciya, in gyara, in riƙe wadda ta shiga raina, in sayar da saura don sana'ar ta ciyar da kanta. Irinmu muna da yawa, kuma kasuwarmu ba ta taɓa zama ta ƙasa ɗaya ba. Spectrum 'yar Birtaniya ce, ta fito a 1982, amma Sifaniya da Fotugal sun rungume ta. Amiga kuwa Jamus ce gidanta na biyu. Mai ƙera maka sabon katin da zai sa injin 1987 ya karanta katin SD sau da yawa mutum ɗaya ne a garejinsa a Poland ko Italiya.

Har zuwa ƙarshen 2020, aika ƙunshi daga Birmingham zuwa Düsseldorf bai bambanta da aikawa Leeds ba, sai ɗan ƙarin kuɗin gidan waya. Birtaniya ta kaɗa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, wato Brexit, a watan Yunin 2016, ta fita a hukumance ranar 31 ga Janairun 2020, amma mu 'yan kasuwa ba mu ji a jika ba sai ƙarfe 11 na daren 31 ga Disamban 2020, lokacin da wa'adin riƙon ƙwarya ya ƙare. Daga safiyar 1 ga Janairun 2021 kowane ƙunshi ya zama kayan shigo da su daga ƙetare. Ɗan kasuwar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, wanda ya ga Nijar ta bar ECOWAS a Janairun 2025, zai gane fargabar: iyaka tana nan inda take, takardun da ke kanta ne ke sauyawa.

Ga yadda nake bi, mataki-mataki.

Mataki na ɗaya: raba kuɗin nan uku, kada ka cuɗa su

Idan ƙunshi ya iso da takardar biya, mutane sukan ce kwastam sun ci su. Alhali abu uku ne daban, kuma in ba ka raba su ba, ba za ka san wanda za ka iya kauce wa ba.

Na farko kuɗin fito. Shi ne wanda kowa ke tsoro, kuma shi ne wanda a sana'armu kusan babu shi. Kwamfuta da kayan cikinta ba sa biyan fito, ko a Birtaniya ko a Tarayyar Turai, saboda wata yarjejeniyar kayan fasahar sadarwa da aka ƙulla ƙarƙashin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 1996, aka kuma faɗaɗa ta a 2015. Don haka kada ka ɓata dare kana neman sanin ko Commodore ɗinka a Braunschweig aka haɗa ta, ko a Corby, ko a Hong Kong, don ka ci moriyar yarjejeniyar cinikin da ɓangarorin biyu suka cimma ranar 24 ga Disamban 2020. Waccan yarjejeniya ta yafe fito ga kayan da asalinsu na Birtaniya ne ko na Tarayyar, amma abin da fitonsa sifiri ne tun farko ba ya buƙatar yafiya. Inda maganar asali ke cizo shi ne kayan gefe: riga mai hoton Amiga da aka ɗinka a Asiya tana iya biyan kashi 12 cikin ɗari idan kuɗin ƙunshin ya haura iyakar da za mu gani a mataki na uku.

Na biyu harajin VAT. A nan gizo ke saƙar. Kashi 20 a Birtaniya, 19 a Jamus, 20 a Faransa, 21 a Holan da Sifaniya, 22 a Italiya, 23 a Poland da Ireland, 25 a Sweden da Denmark, 27 a Hungary. Kuma ba ruwansa da cewa kayan gwanjo ne. Injin da wani uba ya saya wa ɗansa a 1985, ya biya harajinsa a kanti a lokacin, yau in ya tsallaka ruwa sai a sake karɓar haraji a kansa. Da can ciniki tsakanin mutum da mutum ba ya jawo ko kwabo. Wannan shi ne ainihin abin da ficewar ta canza mana.

Na uku kuɗin hidima, wato ladan da gidan waya ko kamfanin aika kaya ke karɓa saboda ya biya harajin a madadinka. Royal Mail, gidan wayan Birtaniya, ya daɗe yana karɓar fam 8. Gidan wayan Jamus ya fara da Yuro 6. Kamfanonin masu zaman kansu kowa da nasa, kuma galibi sun fi haka. Wannan kuɗi ba ya duba girman kaya, shi ya sa ƙananan kaya suka fi shan wuya.

Mataki na biyu: yi lissafi kafin ka taya

Ɗauki takarda. A ce kana Manchester, ka ga Amiga 1200 a Jamus a kan fam 300, kuɗin aikawa fam 25. Fito babu. Ana lissafa VAT a kan kaya da kuɗin aikawa a haɗe, wato kashi 20 na fam 325, fam 65 ke nan. Ƙara fam 8 na hidima. Injin fam 300 ya tashi a fam 398. Yanzu sai ka kwatanta da wadda ke Sheffield a kan fam 370, ka ga wace ce mai araha.

Juya lissafin. Wani a Hamburg yana son cif guda, ɗan ƙaramin sassan da ake dasawa a allon cikin kwamfuta, daga wurina, Yuro 15, aikawa Yuro 6. In ban karɓi harajin tun a wajen biya ba, zai biya kashi 19 na Yuro 21, kusan Yuro 4, sannan Yuro 6 na hidima, in da farashin farko muka lissafa. Cif ɗin Yuro 15 ya kai kusan Yuro 31, ga zuwa layi a gidan waya. Sirdi ya kusa fin doki tsada. Wannan mutumin ba zai sake saye a wurina ba, kuma ba na ganin laifinsa.

Akwai wata riba da masu saye ke mantawa. In kanti mai rajistar VAT ne a Jamus yake sayar maka da sabon kaya, farashin da ke shafinsa ya haɗa da kashi 19 na ƙasarsu. Kayan da za su fita Tarayyar ba sa biyan wannan. Abin Yuro 238 ya kamata ya sauko Yuro 200 da zarar ka sa adireshin Birtaniya. In bai sauko ba, rubuta masa ka tambaya, in ba haka ba haraji biyu za ka biya a kan abu ɗaya. Amma in mai sayarwar mutum ne kawai da ke kwashe kayan rumbunsa, babu abin da zai cire maka, domin tun farko bai ɗora ba.

Mataki na uku: san iyakoki biyu, fam 135 da Yuro 150

Duk tsarin a kan waɗannan lambobi biyu yake juyawa, kuma ana auna su da kuɗin kayan kaɗai, ban da kuɗin aikawa, muddin an rubuta su daban a rasit.

Kayan da ke shigowa Birtaniya: in ƙunshin bai wuce fam 135 ba, doka ta ce a karɓi VAT tun a wajen ciniki. In ta kasuwar intanet irin eBay ko Etsy ka saya, su ke ƙara shi a kan kuɗin da za ka biya, ƙunshin ya iso ƙofarka ba tare da ƙarin ko sisi ba. In kuwa daga shafin ɗan kasuwar kansa ne, shi doka ta ɗora wa: ya yi rajista da hukumar harajin Birtaniya, HMRC, ya riƙa karɓa yana turawa, yana cike takardu, ko da ƙunshi goma kacal yake aikowa a shekara. Ɗan kasuwar cikin gida ba ya shiga wannan sai cinikinsa ya kai fam 90,000 a shekara, amma na ƙetare tun daga ƙunshin farko. To ka gaya mini, mai gareji a Poznań da ke haɗa kati hamsin a shekara, zai yi? Da yawa ba su yi ba. Wasu sun cire Birtaniya daga jerin ƙasashen da suke aika wa, wasu suka ce sai odar da ta haura fam 135.

Wannan na biyun shi ne ƙofar da ta rage a buɗe, domin da zarar kaya sun haura fam 135, nauyin ya bar kan mai sayarwa, a bakin iyaka ake karɓar harajin daga hannun mai saye. Abin da muke yi shi ne mu haɗu mu uku ko huɗu, kowa ya faɗi abin da yake so, mutum ɗaya ya yi oda guda, a raba kuɗin aikawa da na hidima. Kamar adashi ne, sai dai kowa na kwasa rana ɗaya.

Kayan da ke shiga Tarayyar: har zuwa ƙarshen Yunin 2021 abin da bai kai Yuro 22 ba yana wucewa ba haraji. Daga 1 ga Yulin 2021 aka soke wannan, aka kawo tsarin IOSS ga ƙunshin da bai wuce Yuro 150 ba: mai sayarwa ya karɓi VAT na ƙasar mai saye a wajen biya, ya sa lambar IOSS a bayanan ƙunshin, kaya su wuce. Ba dole ba ne, amma in ba ka yi ba, abin da ya sami mutumin Hamburg zai sami abokin cinikinka. Matsalar ita ce ɗan kasuwar da ke Ingila ko Scotland ko Wales yana buƙatar wakili a cikin Tarayyar kafin ya sami lambar, wakili kuma ba ya aiki don Allah. Ga mai aika ƙunshi biyar a wata, ladan wakili zai cinye ribar. Shawarata ga ƙarami: sayar wa 'yan Turai ta kasuwannin intanet da ke da lambarsu ta IOSS. Za su yanki kasonsu, amma sun ɗauke maka ciwon kai. Sai dai ka tabbata lambar ta shiga bayanan da kake cikewa a intanet lokacin sayen lakabin aikawa. Rubuta ta da biro a jikin kwali ba ya aiki, na'ura ce ke karantawa, in ba ta gani ba za a sake cajin mai saye.

Tarayyar ta riga ta yanke shawarar janye yafiyar fito da ake yi wa ƙunshin da bai kai Yuro 150 ba, saboda ambaliyar ƙananan kaya daga manyan kasuwannin intanet na China. Don haka leƙa shafin hukuma kafin kowace babbar oda.

Mataki na huɗu: cike fom ɗin kwastam kamar wanda zai rantse a kansa

Ta gidan waya, fom ɗin CN22 ne ga kayan da ba su wuce fam 270 ba, CN23 ga abin da ya haura. In a matsayin kasuwanci kake aikawa, nemi lambar EORI, wadda kwastam ke gane ɗan kasuwa da ita, mai farawa da GB daga HMRC. Kyauta ce, kuma ba ta daɗewa.

Wajen bayanin kaya, a nan mutane ke yin kasala. Kada ka rubuta kalma ɗaya irin ta kayan lantarki ko kayan gyara. Rubuta sunan injin, shekararsa, cewa wanda aka yi amfani da shi ne, da ko yana aiki ko ba ya yi. Jami'in da ke dubawa wataƙila an haife shi bayan Commodore ta karye a 1994, bai san abin da ke gabansa ba, kuma abin da bai gane ba shi yake ajiyewa gefe. Sa lambar rukunin kaya, aƙalla alƙaluma shida. Kwamfuta cikakkiya tana ƙarƙashin 8471, kayan cikinta 8473 30, cif 8542, na'urar ba da wuta 8504 40, injin wasan bidiyo 9504 50. Kuskure a nan yana iya jawo fito a kan abin da ba ya biya. Hattara da allon kallo: wanda aka yi don kwamfuta daban yake da talabijin, talabijin kuma tana biyan fito mai nauyi.

Sai maganar da dole in yi. Za a roƙe ka, cikin ladabi, ka rubuta kyauta ce, ko ka sa fam 20 a kan injin fam 300. Rangwamen kyauta na gaske yana nan, fam 39 a Birtaniya, Yuro 45 a Tarayyar, amma na abin da mutum ya aika wa mutum ne ba tare da an biya ba. Abin da aka saya ba kyauta ba ne. Ban da cewa ƙarya ce a takardar hukuma da sa hannunka, akwai asarar da ke biyo baya. Na taɓa yi, sau ɗaya, a farkon 2021, don wani ya matsa mini. Wani kamfanin aika kaya ya kai masa kwamfutar Atari ST da kusurwa a farfashe, kamar an jefo ta daga bene. Da na nemi diyya sai suka turo mini hoton fom ɗina, da rubutun hannuna, fam 25. Abin da suka biya ke nan. Garin neman gira na rasa ido, na kuma mayar wa mai saye cikakken kuɗinsa daga aljihuna.

Saka kwafin rasit ɗaya a cikin kwali, ɗaya a leda a jikinsa. Rubuta lambar wayar mai karɓa da imel ɗinsa, domin ta nan ake kiran sa ya biya. In ba a same shi ba, ƙunshin zai yi kwanaki a ajiye, sannan ya juyo.

Mataki na biyar: in sana'a kake yi, dokokin kaya sun fi haraji wuya

Wanda ke sayar da tsohon injinsa sau ɗaya a shekara zai iya tsallake wannan. Wanda ke ƙera kati, ko yake saye yana gyarawa yana sayarwa a kai a kai, ya zauna ya karanta, domin wannan ne ya rufe shaguna fiye da VAT.

Ranar 13 ga Disamban 2024 sabuwar dokar amincin kaya ta Tarayyar, wadda ake kira GPSR, ta fara aiki. Gundarinta shi ne: duk kayan da ɗan kasuwa zai sayar wa mai amfani a cikin Tarayyar, dole a sami wani mutum ko kamfani mai adireshi a cikin Tarayyar da zai ɗauki alhakinsu, a rubuta sunansa da adireshinsa a jikin kayan ko kwalinsu, da kuma a tallan. Ana son lambar gane kaya, da gargaɗin aminci cikin harshen ƙasar da za su je. Kayan lantarki masu alamar CE, wadda ke nuna kaya sun cika ƙa'idojin Tarayyar, sun riga sun shiga irin wannan sharaɗi tun Yulin 2021, sai dai bayan 2024 ne kasuwannin intanet suka fara tsare ƙofa da gaske, suna ɓoye tallan wanda bai cike gurbin ba. Lokacin da Birtaniya ke ciki, adireshina na Birmingham ya isa. Yanzu sai na yi hayar wakili.

Dokar ta haɗa da kayan gwanjo da waɗanda aka gyara, amma ta bar ƙofofi biyu da suka shafe mu. Ɗaya, kayan tarihi da na masu tarawa, waɗanda mai hankali ba zai sa ran sun cika ƙa'idar amincin zamani ba. Biyu, kayan da aka bayyana ƙarara cewa sai an gyara su kafin a yi amfani da su. Spectrum ta 1982 a kwalinta na asali tana da hujjar shiga ta farko. Matacciyar Amiga da aka rubuta cewa ta gyara ce tana shiga ta biyu. Amma sabuwar na'urar ba da wuta da ka haɗa jiya ba kayan tarihi ba ce, ko da na injin tarihi ce. Kuma a ganina nan dokar tana da gaskiya: abin da ake cusa wa a bango ya cancanci a san wanda za a kama in ya kama da wuta.

Jamus tana da nata ƙarin. Duk ɗan kasuwar da ke aika kaya a kwali zuwa ga mai amfani a can dole ya yi rajista a kundin LUCID, ya kuma biya kuɗin sarrafa shara na kwalin da ledar. Rajistar kyauta ce, kuɗin kuma ga ƙarami ba shi da yawa, kuma tun Yulin 2022 kasuwannin intanet ke neman lambar. Na kayan lantarki kuwa, rajista da hukumar Stiftung EAR, ya fi tsada nesa ba kusa ba, yana kuma buƙatar wakili a Jamus. Faransa ma tana da irin nata. Babu rajista guda ta Turai gaba ɗaya, ƙasa-ƙasa ake bi.

Abin da na ga yana aiki shi ne ɗayan biyu. Ko ka zaɓi ƙasa ɗaya ko biyu da cinikinka ya fi yawa ka cika sharuɗɗansu, ka rufe sauran. Ko ka nemi shago a cikin Tarayyar ya zama dillalinka: ka tura masa kati talatin a kwali ɗaya, fom ɗaya, shi ya shigo da su, ya ɗauki alhakin, ya ci ribarsa. Kuɗin da za ka samu a kan kowane kati zai ragu, amma za ka koma teburin dalma maimakon teburin takardu. Ta ɗaya ɓangaren abin ya fi sauƙi: a 2023 Birtaniya ta sanar za ta ci gaba da karɓar alamar CE ba tare da wa'adi ba ga yawancin kaya, don haka maƙerin Italiya ba ya buƙatar alamar UKCA, takwararta ta Birtaniya.

Ireland ta Arewa kuwa tana tsakiya. Ta fita tare da Birtaniya, amma a harkar kaya tana bin dokokin Tarayyar ƙarƙashin yarjejeniyar Windsor ta 2023. Mai saye a Belfast yana karɓar ƙunshi daga Berlin kamar da, ba fom ba caji a ƙofa. Ni kuma da ke Birmingham, in zan sayar masa a matsayin ɗan kasuwa, GPSR ta hau kaina, ko da yake fasfo ɗaya muke riƙe.

Mataki na shida: ɗaure kaya

Ƙunshi yanzu yana daɗewa a hanya, ana iya buɗe shi, ana iya juyo da shi. Ɗaure shi don tafiya biyu. Kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya. Na'urar ba da wuta ta Commodore 64, wadda nauyinta kamar bulo, a naɗe ta daban, in ba haka ba ita za ta farfasa injin a hanya. Ni ma dai ba na aika ta: tsofaffin sukan tura wuta fiye da bolt 5 su ƙone cif, ga nauyi, ga filogin Birtaniya mai ƙafa uku da ba ya shiga bangon Jamus. Buɗe injin ka cire batirin Varta mai kama da ƙaramar ganga da ke cikin Amiga 500 Plus da 2000 da katin ƙarin ƙwaƙwalwa na A501. In ya tsiyaye, ka ga koren tsatsa a kewayensa, gidan waya ba ya karɓar batir mai yoyo, kuma shi ke cinye allon. Ɗauki hoton lambar injin, da hotonsa yana aiki, da hoton kwalin kafin ka rufe.

Mataki na bakwai: gyara, mayarwa, da neman haƙƙi

Aika allon Amiga 1200 zuwa Poland don a sauya masa kafasito, ƙananan sassan da ke ajiye wuta, ya zama abin lissafi. A takarda, yarjejeniyar ciniki ta ce ba fito a kan kayan da suka je gyara suka dawo, kuma akwai tsarin da ke sa a biya VAT a kan ladan gyaran kaɗai. A aikace, ta gidan waya, in takardu ba su nuna haka tun daga fita ba, ana iya cajin allon a shiga, a sake cajin sa a dawowa. In allon bai kai fam 100 ba, nemi mai gyara a ƙasarka. In mai tsada ne, yi amfani da kamfanin da zai shigar da shi a matsayin kayan gyara tun daga farko, ka ajiye shaidar fitarsa da lambarsa.

Kayan da mai saye ya mayar maka suna da rangwame in sun dawo cikin shekara uku ba a sauya su ba, amma sai an rubuta a fom cewa mayarwa ce, an haɗa da shaidar aikawar farko. In an caje ka ba daidai ba a kan ƙunshin da Royal Mail ko Parcelforce suka kawo, fom ɗin BOR286 ake cikewa, kuma ana son lakabin cajin da ke jikin kwalin, don haka kada ka yar da shi cikin fushi.

Mai saye, biya ta hanyar da ke da kariya. Kafin ficewar akwai wata hanya mai sauƙi ta kai ƙarar ƙaramin bashi daga wata ƙasar Tarayyar zuwa wata, yanzu ba ta shafi Birtaniya. PayPal na ciniki yana ba ka damar kai koke, na 'yan uwa da abokai kuwa ba ya ba ka komai. Katin bashi na Birtaniya yana kare sayayyar da ta haura fam 100.

In da hannu za ka ɗauko

Masu zuwa Revision, taron masu sha'awar kwamfuta da ake yi a Saarbrücken lokacin Ista sukan dawo da kaya a jaka. Matafiyi yana shigowa Birtaniya da kayan amfanin kansa na fam 390 ba haraji. Mai shiga Tarayyar ta jirgin sama ko na ruwa Yuro 430, ta ƙasa Yuro 300. In abu guda ya haura iyakar, a kan dukkan kuɗinsa ake biya, ba a kan rarar kaɗai ba. Kayan sayarwa ba sa cikin wannan rangwame ko kaɗan, sai an bayyana su. Wanda zai kai injuna baje koli ya dawo da su yana iya neman takardar ATA Carnet daga ƙungiyar 'yan kasuwa, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin mai injin biyu.

Ga 'yan uwa da ke Kano ko Kaduna masu turo mini saƙo in karɓar musu kaya: in abin daga Jamus yake, kada ku sa adireshina. Zai biya kashi 20 na Birtaniya a ƙofata, kuma tun Janairun 2021 aka daina mayar wa baƙi VAT a filin jirgi, don haka kuɗin ya tafi ke nan. Ko dai mai sayarwa ya aiko muku kai tsaye, ko ku nemi irinsa a hannun wani a nan Ingila, in sa a akwati in na tashi zuwa. Na nan ma ya fi dacewa da ku: filoginsa mai ƙafa uku ne irin na gida, wutarsa bolt 230, hotonsa PAL, tsarin talabijin irin na gida. Na Faransa yakan zo da wani jerin maɓallai daban, AZERTY, na Jamus da Z a mazaunin Y. Kuma in kwamfutar BBC Micro ce, a sauya mata kafasiton RIFA da ke cikin na'urar wuta kafin a kunna, a kuma sa mata sitabilaiza, domin ko a nan da wuta ke tsaye cak waɗannan kafasito fashewa suke, su cika ɗaki da hayaƙi mai wari.